Kwalaben Munkaila

Munkaila ɗan kawuna ne, ni 'yar gwaggonsa, saboda haka tun muna yara babu abin da bakina bai faɗa masa ba, shi ma bai taɓa raga mini ba. Haka taubasai suke a wajenmu. Yana kirana baiwarsa, ni kuma na laƙaba masa Sarkin Ƙwari, sunan ya bi shi har cikin kasuwar Matameye, inda masu sayar da rake ke ɗaga masa hannu suna cewa ranka ya daɗe. Dariya yake yi ya amsa. Ni Rahama da na koyar shekara talatin a lakwal, makarantar boko, ina jin kaina mai ilimi, shi kuwa a aji huɗu ya tsaya, sai dai ya yi karatun allo sosai, kuma hannunsa ya fi sauri a ajami a kan boko nesa ba kusa ba.

Manomi ne, yana da gonar gero a hanyar Dawce da ɗan lambun rake a fadama. Malaman gona sun taɓa zaɓarsa cikin mutanen da aka koya wa sanin ƙwarin gona, aka ba su famfon feshi, don in fara ta sauka ko tsutsa ta kama zangarniya su kai labari da wuri. Sauran da aka zaɓa tare da shi famfon suka riƙe. Shi kallon ya riƙe. Mutum ne da zai durƙusa gindin itace tun hantsi har rana ta take, ka zo ka wuce da jakinka bai san ka wuce ba.

Shekara goma sha bakwai ke nan da wata ɗaliba mai suna Anisa ta zo daga Yamai tana binciken ƙwarin da ke cin gawo. Aka haɗa ta da Munkaila ya riƙa kai ta gonaki a bayan motonsa, wato babur. Rana ta uku, a wata gona kusa da Icirnawa, ya nuna mata wani farin zare da ya shimfiɗu cikin tsagar ɓawon gawo, sirara-sirara kamar hanyoyin gara. Ta ce yanar gizo ce. Ya ce a'a, ya daɗe yana kallon abin, mai wannan saƙar ƙafarsa shida ce, kuma da hannuwansa na gaba yake saƙa. Ya sa wuƙa ya ɓamɓare ɓawon a hankali. Wani siririn ƙwaro mai ruwan ƙasa, tsawonsa bai kai farcen babban yatsa ba, ya ruga da baya cikin bututun zaren ya ɓace. Munkaila ya ba ni labarin nan ya fi sau hamsin, kullum sai ya kwaikwayi yadda yarinyar ta zube guiwa biyu a cikin ƙaiƙayi ta manta da farin zanenta.

Da yamma ta buɗe masa wani littafi. Ta ce masana sun san waɗannan ƙwari, suna da iri da yawa, an raba su dangi-dangi, amma ido ba ya raba su. Matan duk kusan kamarsu ɗaya, ba su da fiffike, ba sa barin gida. Sai an sami namiji balagagge, wanda yawanci shi ke da fiffike kuma ba ya daɗewa a duniya, an duba ƙarshen wutsiyarsa da na'urar ƙara girma, sannan a ce wannan ɗan gidan wane ne. Ta ce akwai waɗanda suka bi kayan fatake suka bazu a ƙasashe masu zafi, akwai kuma waɗanda ba su taɓa barin ƙasarsu ba. Sai ta nuna masa taswira, an ɗiɗɗiga mata baƙin tawada a duk inda aka taɓa kama su. Ɗigon ya yi yawa ta kudu, wajen bakin teku. Wajenmu fari fat.

Ya tambaye ta ko ke nan babu su a nan, alhali ga shi yanzu suka gani.

"Akwai su, Baba Munkaila," in ji ta. "Ba wanda ya duba ya rubuta ne. In ka tara mini su yadda ya kamata, za a ɗiga Matameye a nan, kuma a ƙarƙashi a rubuta sunan wanda ya kama."

Wannan ɗigon shi ya cinye masa shekara goma sha bakwai. Ta bar masa sharuɗɗa uku. Na farko, a sa su cikin alkol irin na likita, ruwan nan mai warin giya, domin jikinsu laushi gare shi, in suka bushe sun lalace. Na biyu, kowane itace da kwalbarsa, kada a haɗa na nan da na can. Na uku, a rubuta wuri da rana a 'yar takarda da fensir, tun da tawada narkewa take, a tura takardar cikin kwalbar tare da ƙwaron, kada a manna ta a waje inda za ta faɗi. Ya ce mata shi fa ajami ya iya. Ta ce ba komai, ranar da ta dawo sai ya karanta mata.

Ba ta dawo da wuri ba. Ta tafi ƙarin karatu waje, ta yi aure, ta haihu, aka ba ta aiki a wani fanni daban. Takan kira shi shekara-shekara, wani lokaci a tsallake biyu, ta ce tana nan tafe. Ni kuwa na samu abin tsokana. In na gan shi sai in ce, Sarkin Ƙwari, yaushe gimbiyar Yamai za ta zo naɗa maka rawani? Sai ya ce baiwa ba ta tambayar lamarin fada.

Shi dai bai fasa ba. Ya roƙi ƙananan kwalaben allura da aka gama da su, ya wanke, ya shanya. Samun namiji shi ne wahalar, don haka ya koyi kiwonsu. Yakan ɗebo uwa da 'ya'yanta da ɓawon da suke ciki, ya sa a gwangwani da busasshen ganye, yana yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan, wata biyu, wata uku, har ranar da zai buɗe ya ga mai fiffike. Sau da yawa duk su mutu, sai ya jira wata damina ya koma gindin itacen nan dai. Ya bi Dawce, ya bi Icirnawa, ya bi Yauri, ya leƙa gawo da tsamiya da aduwa, ya ɗaga duwatsu. Ya lura na gindin duwatsun Yauri sun fi baƙi, na jikin itacen dogon yaro a tashar mota sun fi haske, kuma bai taɓa ganin masu hasken nesa da hanyar mota ba. Yana zaton su ne baƙin da suka zo da fatake. Zato ne kawai, yakan ce, sai an duba wutsiya.

Duk wannan ya faɗa mini, ba sau ɗaya ba. Yakan jawo kwalba ya ɗaga ta a haske ya ce, "Rahama, ƙwaron nan shi kaɗai banza ne, takardar nan ita kaɗai banza ce. Zamansu tare shi ne aikin." Ni kuma in ce to, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Kunnena ya ji maganar, amma ban taɓa barin ta ta shiga kaina ba, domin ina jiran ya rufe baki in jefa tawa.

Matarsa Uwa mace ce mai haƙuri da tsabta, irin wadda ke share tsakar gida sau uku a yini. Ba ta taɓa gane amfanin abin ba, amma ta ga yana sa mijinta farin ciki, sai ta bar shi. Ta san ruwan kwalaben na likita ne, ba ta taɓa ɗaga ɗaya ta karanta ba. Ya kafa katako uku a bangon ɗakinsa ya jera su. Ranar da ta ƙarshe ta hau, ɗari biyu da goma sha ɗaya ne.

Bara, bayan an gama yankan gero, Anisa ta kira ta ce wannan karon da gaske ne. An ba ta izini da kayan aiki, za ta zo bayan Babbar Salla ta kwashe su. Munkaila ya zo gidana musamman don ya gaya mini, har da sabuwar hula. Kwana goma sha biyu bayan haka ya faɗi a bakin rijiyar lambunsa. Aka kai shi asibiti a Damagaram, aka dawo da shi bayan mako uku, ɓarin dama ya mutu, magana ta ɗauke. Idonsa na nan, hankalinsa na nan, amma in ya buɗe baki sai wani gurnani ya fito da ba wanda ke gane shi. Aka shimfiɗa masa katifa a ɗakinsa, ƙarƙashin katakan nan uku.

Da bazara ta shigo jikin ya ƙara tsanani, har muka fara kallon juna. Zafi ya sa marufan kwalaben suka saki, ɗakin ya ɗauki wari mai hawa kai. Shi ne ke bin su yana ƙara ruwa yana toshewa, yanzu babu mai yi. A cikin wannan hali ne yayansa Alhaji Sa'adu, ɗan kasuwa ne a Damagaram, ya zo dubiya wata safiyar Laraba. Ina nan zaune. Ya yi sallama, ya shiga, ya tsaya yana shaƙar iska. Ya tambayi Uwa warin mene ne wannan, ta ce ruwan ƙwarin Malam ne. Ya miƙa hannu ya ɗauko kwalba ɗaya ya kai ta bakin taga. Na ga leɓensa na motsi yana karanta takardar da ke kwance a ciki: gawon gonar Abdulrazak, Dawce, uku ga Ramadan.

Ba na so a ɗauka Alhaji mugu ne. Shi ya biya asibiti, shi ya ɗauki ƙanensa a kafaɗa ya sa a mota. Da ya juyo, hawaye ne a idonsa.

"Sunan Allah ne a nan, kwance cikin giya," ya ce. "Da watan azumi a rubuce. Uwa, ƙanena na kwance tsakanin rai da mutuwa, wannan ne a saman kansa? In aka zo ɗaukar ransa yau, a haka za a same shi?"

Uwa ta fashe da kuka. Ta ce wallahi ba ta sani ba. Alhaji ya ɗauko ta biyu, ta uku, ga tsamiyar masallaci, ga rijiyar Malam Abdullahi, duk da baƙaƙen da muke karanta Alƙur'ani da su. A wajenmu ko guntun takarda mai irin wannan rubutu ka gani a ƙasa, ɗauka kake ka soke a jikin danga, balle a jiƙa ta a abin da ake kira giya. Ya ce a fitar da su yanzu, a tsarkake takardun.

Munkaila ya fara gurnani. Yana dukan katifa da hannun hagu, yana ɗaga kai yana faɗuwa, hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne. Alhaji ya durƙusa ya riƙe hannun ya ce, "Kun gani ko, shi ma abin na damunsa, bakin faɗa ne babu. Yi haƙuri, ƙanena, yanzu za a raba ka da shi." Sai Munkaila ya juyo da ido wajena. Ni ya kalla, ba matarsa ba, ba yayansa ba. Ni ce wadda ya yi wa bayani sau ba adadi, ni ce mai lakwal.

Na ce masa, "Sarkin Ƙwari, kwantar da hankalinka. Baiwarka na nan, ko talakanka ɗaya ba zai ɓata ba."

Kuma na cika alkawari, abin da ke cin raina ke nan. Alhaji da farko cewa ya yi a haƙa rami a zuba duka. Ni na hana. Na ce wahalar shekaru ce, akwai baƙuwa tafe dominsu, a zubar da ruwan kawai a adana sauran. Ni na tsara aikin kamar yadda nake tsara yara ranar sharar lakwal. Muka kwashe kwalaben a kwando zuwa bayan ɗaki. Uwa ta riƙe rariya a kan rami, ina buɗewa ina juyewa, ruwan na wucewa, ƙwarin na tsayawa. Ina tsince takardar in jefa a kwanon ruwa mai tsabta. Muka ɗauraye takardun sau uku, muka shanya a kan sabuwar tabarma, muka danne da tsakuwa don iska. Ƙwarin kuma Uwa ta baza su a faifai ta kai rana, yadda take shanya kuɓewa. Kwalaben ta wanke da sabulu ta kife. Kafin azahar mun gama. Na ƙirga takardun, ɗari biyu da goma sha ɗaya cif, fensirin ko gogewa bai yi ba. Na ɗaure su a farin ƙyalle, ƙwarin muka zuba a gwangwanin madara mai murfi.

Na shiga da su na nuna masa, ina jin daɗin kaina. Na ce ga takardunka, ga jama'arka, ga gidajensu can sun sha wanka. Ya kalli ƙyallen, ya kalli gwangwanin, ya daina gurnani. Ya juya fuskarsa bango. Muka ce ya samu natsuwa, Alhaji ya yi hamdala ya kama hanya.

Bai mutu ba. Da ruwa ya sauka jikin ya ɗan yi sauƙi, har ana zaunar da shi a jingine. Anisa ta zo kwana tara bayan Salla, ta zama babbar mace da gilashi, da akwatin kayan aiki a bayan mota. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce Baba ka yafe mini daɗewa. Sai ta ɗaga kai ta ga katakan nan uku babu komai a kai. Na yi sauri na kawo mata gwangwanin da ƙyallen, ina ba ta labarin yadda muka yi, har ina cewa ta ƙirga ta gani.

Ta buɗe gwangwanin ta zuba kaɗan a tafin hannu. Sun ƙanƙance sun murɗe kamar ƙonannen zare, fikafikan sun zama gari a ƙasan gwangwanin. Ta mayar da su cikin gwangwanin a hankali. Daga baya ta ce wataƙila in an jiƙa, a sami ɗaya ko biyu da wutsiyarsu ba ta karye ba, a gane irinsu. Na ce to, alhamdu lillahi. Ta dube ni ta ce, "Mama, in na gane shi, daga ina zan ce ya fito? Daga dutsen Yauri ko daga tashar mota? Wace takarda ce tasa?"

A nan maganar Munkaila ta faɗo mini, kalma-kalma, da muryarsa, da yadda yake ɗaga kwalba a haske. Na zauna a ƙasa. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba, kuma har yau bai ragu ba.

Anisa ta yi ƙoƙari. Ta ce tun da takardun na nan, ai sun nuna inda za a koma, a sake kamawa. Ta roƙi Uwa ta karanta mata su ɗaya-ɗaya tana rubutawa da boko. Uwa ta fara. Gawon gonar Abdulrazak, Dawce. Munkaila ya ɗaga hannun hagu ya yi alamar sara. An sare shi. Tsamiyar masallaci, ya yi alamar sara, an faɗaɗa masallacin. Gawo uku na bakin hanyar Icirnawa, inda aka fara, ya yi alamar sara sau uku. Duwatsun Yauri, ya yi alamar kwashewa, masu gini sun ɗebe. Wani wurin yakan gyaɗa kai, yana nan. Amma wasu takardun cewa kawai suke, aduwar da na huta, ko gawo mai kogo gabas da rijiya, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san wace aduwa, wace rijiya, ga shi zaune ba baki ba ƙafa. Wajen takarda ta sittin Uwa ta kasa ci gaba. Anisa ta rufe littafinta.

Kwana biyu gare ta. Ta zaga da direbanta, ta samu saƙa a itace huɗu, duk mata da 'ya'ya, lokacin maza bai yi ba, kuma ba ta da wata uku na zama kiwo. Da za ta tafi ta ce za ta nemi hanyar dawowa. Yadda ta faɗa, da yadda ta riƙe hannunsa ta daɗe, duk mun san ban kwana take. Ta bar gwangwanin, ta ce nasa ne.

Na daina kiransa da sunan nan. In yaran kasuwa suka tambaye ni ina Sarki, sai in wuce kamar ban ji ba. Kullum da hantsi nakan je in zauna kusa da shi, in ba shi labarin gari, shi kuma yana kallon ƙofa. Na roƙe shi gafara ya fi a ƙirga. Ba ya ture ni, ba ya kuma dubana.

Watan jiya na ɗauki wuƙa na tafi gindin wani gawo a bayan tsohuwar lakwal ɗinmu. Na durƙusa da waɗannan guiwoyin nawa masu ciwo, na yi ta leƙen ɓawo har na ga farin zaren. Na kama guda da ƙyar, bayan huɗu sun tsere mini da baya. Na sayo alkol, na karɓi kwalba ɗaya cikin waɗanda Uwa ta kife, na rubuta wuri da rana da boko, da fensir, na tura ciki. Na kai masa na sa a hannun hagunsa. Ya ɗaga ta a haske ya daɗe yana juyawa. Mace ce, ba fiffike, irin wadda ba mai iya faɗin danginta. Na sani, shi ma ya sani.

Sai muka ji takun Uwa tana tafe da kunu. Ya yi sauri ya tura kwalbar ƙarƙashin cinyarsa da ta mutu, ya ja bargo ya rufe. Ya ɗora hannu a kai ya danne, bai ɗauke ba har na yi sallama na fita.